Wata Ce

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin Baba aka buɗe tsohuwar adakarsa. A ciki akwai takardun gida, da rasitan da suka yi ja don daɗewa, da wata leda cike da hotuna. Takardun gida kowa ya san inda za su nufa, wurin masu rabon gado. Hotunan ne aka rasa yadda za a yi da su, domin mu goma sha ɗaya ne, ɗaki uku, kuma kowa na so. Sai Yaya babba ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi karatun kwamfuta, ka zuba su inda kowa zai gani a wayarsa."

Na ce mako guda ya ishe ni. Aikin ya ci wata biyar.

Rubuta manhaja ce sana'ata, kuma ajiye fayil a abin da muke kira gajimare abu ne da nake yi kusan kullum. Sunan ne kawai gajimare. Gaskiyarsa kwamfutoci ne jere a manyan gine-gine na wani kamfani, kana biya ana riƙe maka kayanka. Na zaɓi S3 na Amazon, wanda yake aiki tun 2006, don shi hannuna ya saba da shi. A can, wurin da kake zuba kaya "bokiti" ake ce masa, ba wasa nake ba, abin da ka zuba kuma "abu" suke kiransa. Kowane abu yana da suna, yana da cikinsa, wato hoton kansa, sannan yana da ɗan bayanin da ke rataye da shi. Wannan bayanin shi ne metadata. Idan ka taɓa ganin buhu a tashar mota an rubuta masa sunan mai shi da garin da za shi, to ka ga metadata. Ba ita ce hatsin ba, amma in ta goge, sai a rasa na wane ne.

Ɗaukar hotunan a sikana bai ba ni wahala ba. Guda 412 ne. Na ɗora su, na tabbatar na gaya wa injin cewa kowanne hoto ne, domin in ba ka faɗa ba, waya ba za ta nuna shi ba, sai dai ta sauke shi kamar wani ƙunshi da ba ta san abin da ke ciki ba. Sai na duba abin da injin ya rubuta da kansa a kan hoton farko. Ya rubuta nauyinsa, ya rubuta ranar da aka ɗora shi, har da daƙiƙa. Hoton kakanmu ne zaune a kan buzu, mutumin da ya rasu kafin a haife ni, amma a wurin injin an yi shi ne ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Bai yi ƙarya ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Sauran sai mutum ya gaya masa, kuma mutum ɗaya ce ta rage da ta san fuskokin nan, Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta haura saba'in.

Na rubuta ɗan kod na Python mai gurbi huɗu: wane ne, ina ne, yaushe ne, mene ne ake yi. Duk abin da na cika, kod ɗin ya liƙa masa x-amz-meta- a gaba ya aika tare da hoton. Kowace Asabar in ɗauki kwamfuta in tafi gidan Gwaggo, ta sa tabarau, ina nuna mata tana faɗa ina bugawa.

A ranar farko gurbin "yaushe" ya ba ni kunya. Na tsara shi yadda aka koya mana, shekara, wata, rana, duk da lambobi. Gwaggo kuwa ba haka take lissafi ba. Sai ta ce, "Wannan shekarar da aka kashe Murtala ne." Wannan mai sauƙi ne, 1976. "Wannan bayan rikicin Maitatsine da kaɗan," wato bayan Disambar 1980. Amma ta ce "shekarar canjin kuɗi," sai in tsaya in tambaya wanne, na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira, ko na 1984 da aka sauya launin takardun kuɗi? Wani lokaci ma sai ta ce, "Da damina ne dai, ina goyon wance." Kod ɗina ba ya karɓar gurbi babu wata da rana, don haka duk inda ban sani ba sai ya cika da 1 ga Janairu. Da na waiwaya, sai na ga danginmu kaf sun yi aure, sun yi suna, sun dawo daga Hajji, duk ranar 1 ga Janairu. Wanda zai buɗe wannan bayan shekara talatin ba shi da hanyar gane cewa ni na ƙirƙiro ranar. Na rushe gurbin, na mai da shi biyu: ɗaya na shekara kaɗai in an tabbata, ɗaya kuma na maganar Gwaggo yadda ta fito daga bakinta.

Sai matsalar haruffa. Na buga "ƙanwar Baba" a ƙarƙashin wani hoton Gwaggo tana budurwa, kod ya tsaya cak, ya ce akwai harafin da ba ya cikin ASCII. ASCII tsohon jerin alamomi 128 ne da aka tsara a Amurka tun shekarun 1960 don rubutun Ingilishi, kuma shi ne amintaccen abin da ke wucewa ta kan saƙon da ke ɗauke da metadata. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ. Dare ya yi, na gaji, sai na yi abin da yawancinmu muke yi a WhatsApp, na sa layi ɗaya da ke cire duk wata lanƙwasa. Komai ya wuce lami lafiya. Bayan mako uku na buɗe don in nuna wa Gwaggo aikinmu, na karanta mata abin da ke ƙarƙashin hotonta. An rubuta "kanwar Baba". Ta ce, "To, yanzu kuma ni ce ta jiƙa wa dabbobi?" Muka yi dariya har da hawaye. A wani hoton, baƙin da suka zo suna sun koma "baki". "Ɗa" ya koma "da". Mai jin Hausa zai gane, amma jikokin Yaya da ke tasowa a Legas fa?

Maganin ba wuya. Akwai hanyar da ake rubuta kowane harafi da alamomin da ASCII ya sani, sai a warware shi lokacin karantawa. Harafin ƙ yakan zama %C6%99. Wato inda k ke cin gurbi ɗaya, ƙ na cin shida. Kuma wurin ba yawa gare shi ba, kilobayit 2 kacal aka ba ka na duk metadatar da ka rubuta a kan abu ɗaya, kamar shafi ɗaya na littafi. Hausa da lanƙwasarta ta fi tsada a wannan kasuwa. Na ce a biya.

A nan na yi ɓarnar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A S3 ba a gyara metadata bayan an ɗora abu. In kana son canza ko da harafi ɗaya, sai dai ka kwafi abin a kan kansa, ka ce a maye tsohon bayani da sabo. Kuma maye gurbin na gaba ɗaya ne, abin da ba ka sake aikawa ba ya tafi. Na san wannan sarai, na sha gaya wa yaran da ke koyon aiki a wurinmu. Amma a daren na rubuta kod ɗin gyara ya aika gurbin "wane ne" kaɗai. Ban kunna tsarin da ke adana tsohon kwafi ba, don ina ganin aikin gida ne, me zai faru? Ban ajiye maganar Gwaggo a ko'ina ba sai can. Kafin in ankara in tsayar da shi, hoto 63 sun rasa gari, sun rasa shekara, sun rasa labari. Hotunan suna nan ƙalau, ko ɗigo bai taɓu ba. Kamfanin yana tallar cewa an gina ma'ajiyar ne yadda da wuya ƙwarai abu ya ɓace a cikinta, kuma ba abin da ya ɓace. Ni na ba da umarni aka goge.

Na koma wurin Gwaggo da kunya. Ta ce, "Ba komai, ɗan nan, ai ina raye." Muka sake bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tsorata ni shi ne, a wajen hoto shida ko bakwai, amsarta ta biyu ba ta yi daidai da abin da nake tunawa ta faɗa da farko ba. Bikin da na tuna ta ce a Bichi aka yi, yanzu ta ce Ɗambatta. Ko ita ta manta, ko ni. Daga ranar na ƙara gurbi biyu, "wa ya faɗa" da "ya tabbata ko zato ne". Na kuma fara ɗaukar muryarta a waya ina ɗorawa kusa da kowane hoto, domin labarin hoto ɗaya a bakin Gwaggo ba ya shiga kilobayit 2.

Cikin waɗannan 63 akwai hoto na 217. Na same shi manne a bayan wani, sai da na ɓamɓare shi a hankali, shi ya sa ba wanda ya gan shi ranar da aka buɗe adaka. A gidan hoto aka ɗauke shi, da labule a baya. Baba ne yana saurayi, tsaye, ya ɗan ja gefe yana kallon wani wuri, irin tsayuwar mai kunyar ɗan fari. A kan kujera wata mace ce siririya riƙe da jariri. A zagayen farko Gwaggo ta dube shi ta ce, "Wata ce," ta miƙo mini. Na buga "wata" na wuce.

Ba wawa ba ne ni. Na san Baba ya yi aure kafin Umma, na san mahaifiyar Yaya an rabu da ita yana ƙarami, ta koma garinsu, ta rasu a can. A gidanmu ba a ambatonta, ba don gaba ba, haka dai muka taso muka tarar. A zagaye na biyu sai na tambayi shekara maimakon suna. Gwaggo ta ce, "Canjin kuɗi." Na ce wanne? Ta ce, "Na naira." Ta yi shiru, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Sannan ta ce, "Uwar yayanku ce. Yarinyar kirki. Mu ne ba mu kyauta mata ba." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Sunan ma ba ta faɗa ba.

Na kwana biyu ban taɓa gurbin ba. Umma tana raye, kuma ita ma za ta buɗe a wayarta. Ƙannena za su yi tambaya. Da hoton takarda ne, sai a mai da shi ƙasan adaka, wanda ya sani ya sani. Amma ni shafi na gina wanda ke karanta metadata ya rubuta ta a ƙarƙashin kowane hoto, kowa ya gani. In na bar "wata", na san yanzu ƙarya ce, kuma ni na rubuta ta, zai zama irin 1 ga Janairun nan. In na rubuta gaskiya, na buɗe maganar da manya suka rufe shekara hamsin. A makaranta an koya mana yadda ake tsara gurbi, ba a taɓa cewa wata rana za ka zauna gabansa kana tunanin fuskar mahaifiyarka ba.

Na fara zuwa wurin Umma, na nuna mata a wayata ba tare da na ce komai ba. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka take. Ban taɓa ganinta ba. Ka kai wa yayanka, hakkinsa ne."

Ban sa shi a zauren gidanmu na WhatsApp ba. Na yi masa mahaɗi na musamman, irin wanda ke daina aiki bayan kwana bakwai, na aika wa Yaya shi kaɗai, na rubuta, "Yaya, ka duba wannan in ka samu natsuwa." Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba ranar, bai amsa washegari ba. A rana ta uku bayan sallar asuba ya kira ni. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, mai jikoki, ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce abin da yake tunawa da ita shi ne ƙamshin man da take shafawa da wani zane mai ruwan ganye, fuskar kuwa ta daɗe da ɓace masa. Ya tambaye ni me na rubuta a ƙasa. Na ce ban rubuta ba tukuna. Ya ce, "Rubuta sunanta. Zan turo maka."

Ya turo sunanta da na mahaifinta da na garinsu. Akwai ƙ a cikin sunan. Na kunna tsarin adana tsohon kwafi tukuna, na karanto duk gurbi bakwai na hoto na 217, na canza ɗaya, a gurbin "wa ya faɗa" na sa "ɗanta", na aika su gaba ɗaya. Sannan na buɗe shafin a wayata, na matso da rubutun kusa don in ga ko lanƙwasar ta dawo. Tana nan.