Ƙaramin Akwati, Babban Zafi

Mu malaman makaranta ba mu da kuɗin sayen abu sau biyu, shi ya sa muke yin nazari kafin mu zaɓi akwatin kwamfutar wasa da za ta zauna a falo. Ƙarami muke so, wanda za mu rungumo idan aka yi mana canjin wurin aiki. Allon Mini-ITX, mai santimita 17 kowane gefe, ya sauƙaƙa wannan. To amma katin hoto dogo ne, ga fitar da zafi. Don haka tsawonsa muke fara aunawa, sannan mu duba mashigar iska da ragar tare ƙura. Akwatin da zai burge baƙi ya shaƙe na'ura da bazara, ai kyan ɗan maciji ke nan.