Hawa-Hawan Iska da Muryar da Take Dawowa Ƙasa

Kalmar "sama" tana da faɗin ciki a Hausa. Shaho yana sama, hadari yana sama, wata da taurari ma suna sama, kuma babu wanda zai ce mai magana ya yi kuskure. Sai dai ɗalibin da aka ɗora wa fassara darasin kimiyya zai ga kalmar ta yi masa yawa, domin masana sun raba iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa, kowane da sunansa da nisansa. Waɗannan hawa-hawa na iska ne kawai, ba su ne sammai da ake ambata a littattafan addini ba, kuma ya kamata mai fassara ya kiyaye wannan bambanci tun daga jimlar farko.

Babu rufi ko daɓe tsakanin wani hawa da wani. Abin da aka auna shi ne zafi: duk inda ya juya, daga raguwa zuwa ƙaruwa ko akasin haka, nan aka ja iyaka. Hawan farko, toroposfiya, shi ne gidan girgije da ruwan sama da ƙurar hunturu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin iskar duniya a cikinsa yake. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita. A ƙuryoyin duniya na arewa da kudu kaurinsa bai wuce kilomita 8 ba, amma a ƙasashe masu zafi yakan kai 16 zuwa 18. Saboda haka ƙolinsa a saman Agadas ko Damagaram, inda rana take gasa ƙasa, yakan yi sanyin da ya kusa digiri 80 ƙasa da sifili, fiye da sanyin ƙolinsa a saman ƙasashen ƙanƙara.

An daɗe ana zaton sanyi yana ci gaba da ƙaruwa har ƙarshen iska. Wani Bafaranshe, Teisserenc de Bort, ya yi ta sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi, a 1902 ya bayyana cewa raguwar tana tsayawa. Wannan hawa na biyu shi ne sitiratosfiya, yana kai wa kilomita 50, zafinsa kuwa ƙaruwa yake domin iskar ozon tana shanye hasken rana mai ƙona fata. Daga nan mesosfiya ta karɓa har wajen kilomita 85, sanyi ya dawo ya kai digiri 90 ƙasa da sifili, kuma a nan ne tsakuwoyin sararin samaniya suke ƙonewa, mutane su ce tauraro ya faɗi. Tamosfiya tana bisa wannan har ɗaruruwan kilomitoci. Ma'auni yana iya wuce digiri 1,000 a cikinta, amma iskar ta yi ƙaranci har jiki ba zai ji wannan zafi ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a nan, wajen kilomita 400.

Abin da ya fi kusa da rayuwar Bahaushe cikin wannan duka shi ne ayonosfiya. Ita ba hawa ce ta daban a jerin ba. Yanki ne da ya fara daga wajen kilomita 60 ya ratsa mesosfiya da tamosfiya, inda hasken rana yake ɓamɓare ƙwayoyin iska su ɗauki cajin lantarki. Iskar da ta ɗauki caji tana iya tanƙwaso igiyar rediyo ta mayar da ita ƙasa. Lokacin da Marconi ya aika saƙo ya tsallaka tekun Atlantika a 1901, masana sun rasa yadda igiyar da ke tafiya miƙe ta bi lanƙwasar duniya. Kennelly a Amurka da Heaviside a Ingila, kowa a gefensa, suka ce a 1902 lalle akwai wani abu a sama mai mayar da ita. Sai a 1924 Appleton ya tabbatar da haka, ya yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth ya auna nisan abin, ya same shi wajen kilomita 100. An ba shi kyautar Nobel a 1947.

Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, makiyayi a daji da tela a kasuwa suna jin muryar da ta hau sama ta dawo. Gajeren zango yana komowa ne daga yankin da ake kira F, wajen kilomita 300, kuma tsalle guda yana iya kai shi kilomita dubu uku ko fiye. Yankin D, na ƙasa, shi ne ɓarawon murya: da rana yana shanye igiyar matsakaicin zango, rana na faɗuwa sai ya watse, tashoshin nesa su cika akwati. Dalilin ke nan da ya sa mai shela yake ambata mita 16 ko 19 a shirin rana, da dare kuma a koma wajen 31, 41 ko 49. Dattijon da ya san wace mita zai murɗa bayan isha'i ya san halin ayonosfiya a aikace, ko da bai taɓa jin sunanta ba. FM kuwa igiyarta huda yankin take ta wuce, shi ya sa take ɓacewa da zarar mota ta yi nisa da gari.

Inda iska ta ƙare ba a daidaita a kansa ba. Hukumar duniya mai kula da bajintar tuƙin jiragen sama ta ɗauki kilomita 100, layin Karman, a matsayin bakin sararin samaniya, Amurka kuma takan ƙirga daga mil 50, wato kimanin kilomita 80. Duka biyun yarjejeniya ce, domin iska tana ci gaba da sirancewa a ekzosfiya har dubban kilomitoci. Kilomita 100 ɗin ma ba ta kai tazarar Yamai zuwa Doso ba.

Ga mai fassara, "hawa" tana da aibi ɗaya, tana kawo hoton bene mai matakala. "Falle" ta fi nuna siranta, amma ta fi dacewa da takarda da zane. "Hawa" ce ta fi sauƙin shiga kunne, muddin an biyo ta da bayanin cewa iyakokin suna motsi da lokacin shekara, da wuri, da fitowar rana da faɗuwarta.