Malamar Kwalliya ta Cikin Waya

Masu iya magana sun ce ko kana da kyau ka ƙara da wanka. Wannan magana tsohuwa ce, kuma mata sun fi kowa riƙe ta. Tun zamanin kaka da kakanni mace Bahaushiya ta san kwalli da lalle da katambiri, ta san yadda ake rina haƙora da fure da goro. Ba kuwa a makaranta take koyon waɗannan abubuwa ba. Yarinya takan tsuguna gaban yayarta ko gwaggonta tana kallo, ran nan a miƙa mata tandun kwalli a ce ta gwada, in ta ɓata a yi mata dariya, sa'an nan a gyara mata.

Yau abin ya sake salo. Duk wanda ya san ɗakunan kwanan ɗalibai mata ya san cewa malamar kwalliya ta koma cikin waya. Ni kaina a can na koyi rabin abin da na iya, kuma na daɗe ina sauraron abin da 'yan'uwana mata ke faɗi in sun gama kallo, wata ta yaba, wata ta yi tsaki. Na san daga cikin malamanmu akwai masu cewa wannan ai zancen hoda ne da janbaki. To, a yi mini haƙuri a karanta, gama a cikin zancen akwai kuɗi, akwai lafiyar fata, akwai kuma yadda yarinya ke kallon fuskar da Allah ya ba ta.

An kafa YouTube a 2005. A 2007 wata budurwa a Amurka mai suna Michelle Phan, wadda iyayenta mutanen Biyetnam ne, ta fara sa bidiyon yadda take kwalliya, kuma ba a jima ba masu kallonta suka kai miliyoyi. Instagram ya zo a 2010, daga baya TikTok ya biyo, har abin ya zama babbar sana'a. Huda Kattan, alal misali, da rubuce-rubuce a kan kwalliya ta fara a 2010, zuwa 2013 ta buɗe kamfaninta na Huda Beauty a Dubai. Watau malama ta zama 'yar kasuwa. A riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Abu na fari da ke jawo mu shi ne wannan malama ba ta gajiya, ba ta kuma yi wa kowa gori. In ba ki gane yadda ta ja jagira ba sai ki tsai da hoton, ki mai da shi baya, ki sake kallo sau goma. Yaya kuwa in kin tambaye ta sau uku, a na huɗu sai ta ce kin cika daƙiƙanci. Wadda ta tashi gidan da babu 'ya'ya mata, ko wadda kunya ke hana ta tambaya, ta sami inda za ta koya babu mai ganinta.

Abu na biyu shi ne fuska tsirararta. Na lura babu abin da ke kwantar wa mai kallo rai kamar malama ta fito kafin ta shafa kome, ga ƙuraje, ga tabo, ga baƙi a ƙarƙashin ido. A 2015 wata 'yar ƙasar Holan, Nikkie de Jager, ta yi wani bidiyo inda ta caɓa wa rabin fuskarta ado, ta bar ɗaya rabin yadda yake. Bidiyon ya zaga duniya, mata da yawa suka kwaikwaye ta. Dalili kuwa a fili yake, gani ya kori ji. Ta nuna wa kowa iyakar abin da hoda ke yi da kuma inda halitta ta tsaya.

Abu na uku, wanda ya fi shafarmu mu baƙaƙen fata, shi ne samun malama mai launinmu. Shekaru da yawa manyan kamfanoni suna yin hodar ruwa, wadda muke kira fandeshan, kala-kala domin fararen fata, amma in an zo kan baƙi sai a yi biyu ko uku a ce a yi maneji. Jackie Aina, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta yi suna a YouTube wajen tsage wa kamfanonin nan gaskiya, har a 2018 kamfanin Too Faced ya yi aiki da ita don ƙara launuka masu duhu. Ita kuwa Nyma Tang, 'yar asalin Sudan ta Kudu, sai ta riƙa sayen launi mafi duhu na kowane kamfani tana shafawa a gaban jama'a, in ya yi a gani, in bai yi ba a gani. Sa'ad da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty a watan Satumba na 2017 da launi 40 gaba ɗaya, sauran kamfanoni suka shiga rige-rigen ƙara nasu. Murnar da yarinya baƙa ke yi in ta ga mai irin fatarta ta yi kyau ba tare da ta yi fari ba, ba ƙaramar murna ba ce.

Har ila yau muna son malama mai faɗin dalili. Wadda za ta ce a gwada fandeshan a gefen muƙamuƙi, a fita hasken rana a duba, a kuma jira ɗan lokaci domin wani yakan ƙara duhu in ya gauraya da maiƙon fata, ta ba ki ilmin da zai yi miki amfani ko da kayan wane kamfani kika saya. Haka wadda za ta bayyana cewa mata biyu na iya zama duhu ɗaya amma fatar ɗaya ta karkata ga ja, ta ɗaya ga rawaya. In kuma aka dace da wadda ke bayani da Hausa, da kayan da ake samu a kasuwar garinmu, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Amma fa zuma da zaƙi da harbi. Ƙaramin abin da ke ɓata wa mai kallo rai shi ne surutu. Kin zo koyon ɗaura gashin ido, sai a kwashe minti biyar ana ba ki labarin tafiya da abin da aka ci da safe, ana roƙon ki danna nan ki danna can, alhali datarki na zuba kamar ruwa a kwando. Ɗaliba da ke lissafin kuɗin abinci da na kwafin takardu ta san zafin wannan. A ɗaya gefen kuma ga masu gajeren bidiyo, waɗanda za su rufe kyamara da tafin hannu, su buɗe, sai ga fuska ta kammala. Wannan nuni ne, ba koyarwa ba. Wurin da ke da wuyar, watau murza launi har ya saje da fata, shi ne daidai wurin da aka yanke.

Sa'an nan ga tarin kaya. Za a ce miki kwalliya ce mai sauƙi ta zuwa aji, amma kafin a gama kin ƙirga kwalabe da burushi sun fi ashirin, kowane da tsadarsa. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikin malaman nan suna ƙasashen sanyi ne, ko cikin ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Abin da ya zauna daram a fuskarsu, ki shafa shi ki shiga rana a watan Afrilu ki ga yadda zai tsiyaye, ko ki fita cikin hunturu ki ga yadda zai daddare. Ba su kuma san cewa wadda za ta yi alwala da azahar tana bukatar abin da zai wanku ya sake shafuwa cikin minti biyu ba.

Duk waɗannan ana iya haƙuri da su. Abin da masu kallo ba su yafewa shi ne ha'inci, kuma iri biyu ne. Na farko ha'incin hoto. Fitilar nan mai kamar zobe da suke kafawa a gabansu tana haska fuska kai tsaye, ta kashe inuwa, don haka ramuka da gautsin fata su ɓace. A kan wannan kuma a ɗora filta, watau dabarar cikin waya mai goge fata, ta rage hanci, ta ƙara haske. Ke kuwa kina tsaye gaban madubin ɗaki, kin bi umarni daki-daki, amma taki fuskar ta ƙi zama kamar ta malama. Wata 'yar ɗakinmu ta taɓa wanke fuskarta sau uku a dare ɗaya saboda haka, daga ƙarshe ta zauna bakin gado ta ce ita fatarta ce ba ta da kyau. Fatarta lafiya lau take. Abin da take ƙoƙarin kamowa ne babu shi a duniya, ko a fuskar malamar.

Wannan ɓarna ta kai har hukumomi sun sa baki. Bayan wata mai sana'ar kwalliya a Ingila, Sasha Pallari, ta yi ta yekuwa a kan batun, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta yanke a watan Fabrairu na 2021 cewa kada a sa filta a tallan kayan ado in zai zuzuta aikin kayan. A watan Yuni na 2023 Faransa ta kafa doka da ta tilasta wa masu talla a intanet su rubuta a fili in an gyara hoto.

Na biyu ha'incin ciniki. Na ce a riƙe maganar malama ta zama 'yar kasuwa. Kamfani yakan aika mata kaya kyauta, ko ya biya ta, ko ya ba ta kamasho a kan duk wadda ta saya ta hanyarta. Neman halal ba laifi ba ne, kowa da sana'arsa. Laifin shi ne a ɓoye, ko a yi ƙari. A watan Janairu na 2023 an yi babban ce-ce-ku-ce a kan wata fitacciya a TikTok, Mikayla Nogueira, wadda ta yi tallan wani maskara na L'Oréal, masu kallo suka zarge ta da ƙara gashin ido na kanti don a ga kamar aikin maskaran ne. Yawan hayaniyar da aka yi ya nuna abin da mutane suka fi ji wa ciwo, watau amana. A nan gida kuwa abin ya fi haka haɗari, gama akan sami mai koyar da kwalliya da za ta ƙare darasi da tallan man da ta haɗa da hannunta, babu suna babu bayanin abin da ke ciki, ta ce kwana bakwai za ki yi haske. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan mayukan bilicin, domin akan sami zaiba a cikin wasu, wadda ke lalata ƙoda, da magunguna masu sa fata ta yi sirara ta kasa jure rana.

Akwai kuma wani abu da ke damuna ƙwarai, shi ne fuska ta zama ɗaya. Gira iri ɗaya, hanci an zana masa layi don ya tsuke, ƙarƙashin ido an yi masa fari. Je ki biki ki ga amarya, sai kin tambaya kafin ki gane 'yar wa ce. Wani lokaci an shafa mata launin da ya fi nata haske, fuska daban wuya daban, ga hoda mai mai da hasken kyamara, a hoto ta fito kamar an watsa mata gari. Yaya ko gwaggo da ke koya mana a da tana kallon fuskarki ne, ta san idonki ƙanana ne ko manya, ta san abin da zai karɓe ki. Malamar waya fuskarta kaɗai take gani.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Masu kallon nan da ke kukan filta, da yawansu su ne ke wucewa da sauri in sun ga fuska mai ƙuraje, su tsaya a kan mai sheƙi. Su kuwa masu bidiyo suna ganin ƙididdiga, sun san abin da ke kawo jama'a, sai su ƙara. Wasu kuma in mace ta fito da fuskarta ta ainihi sai su bi ta da baƙar magana, gobe ta komo da filta. Kasuwa abin da ake saye shi take kawowa.

Saboda haka ni dai ga ma'aunin da nake auna kowace malama da shi. Shin ta nuna mini fuskarta kafin ta fara, ta kuma matso kusa ko ta fita rana bayan ta gama? Shin takan faɗa in an biya ta? Shin na taɓa jin ta ce wani kaya bai yi ba? Wadda kome ta taɓa sai ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba, wannan dillaliya ce, a saurare ta yadda ake sauraron dillaliya. Wadda ta cika ukun nan kuwa ina iya haƙuri da surutunta, har in yafe mata datata.

Kwalliya ba yaudara ba ce, gama kowa ya ga janbaki ya san janbaki ne. Yaudara tana shigowa ne sa'ad da aka ce wa ɗaliba ga abin da hoda ta yi, alhali aikin fitila ne da na'ura. 'Yan'uwana mata, mu ɗauki dabarar hannu daga waya, amma hukuncin ƙarshe mu bar wa madubi da hasken rana, da kuma ƙawa ta gari wadda za ta dube mu ta ce wannan ya yi yawa, rage. Allah ya sa mu dace, amin.