Launi Tsakanin Lamba da Kalma

A idon kwamfuta, launi lamba ne. Kowane ɗigo a fuskar allonta yana ɗauke da haske iri uku: ja, kore da shuɗi, kuma ana auna ƙarfin kowannensu daga 0 zuwa 255. Idan aka lissafa dukan haɗuwar da za ta yiwu, sai a sami launuka 16,777,216. Hausa kuwa tana da fari, baƙi da ja a matsayin jigo, sai shuɗi, kore da rawaya, sannan ta ari sauran daga abubuwan da ido ya saba gani: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan da kalmomin nan ita ce ta ja ni ga koyon zane ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni.

Manhajar da nake amfani da ita, Processing, Casey Reas da Ben Fry ne suka ƙirƙiro ta a 2001 a cibiyar MIT ta Amurka, domin masu zane su sami hanya mai sauƙi. Kafin su, Vera Molnár, ƴar asalin Hangare mazauniyar Faris, ta fara zane da kwamfuta tun 1968, tana jera murabba'ai tana ɗan karkata su. A irin wannan zane babu mutum, babu dabba. Da'ira ce da layi da kusurwa, sai haske.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda haske ya saɓa wa rini. A allo, idan ka cika ja da kore, ka bar shuɗi a sifiri, rawaya ce za ta fito. Ka cika ukun, sai fari fat. A marina kuwa, duk tsomawa duhu take ƙara wa zane. Tufa kan fito daga karofi da launin kore-kore, sai iska ta taɓa ta ta rikiɗe shuɗiya, a yi ta maimaitawa har Bahaushe ya kira ta baƙa. Wace lamba ce za ta ce ga inda shuɗi ya ƙare, baƙi ya soma? Wannan hukunci na harshe ne.

Josef Albers ya nuna a littafinsa na 1963 cewa launi yana sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa. Na gwada hakan da ɗalibaina: murabba'i biyu masu lamba ɗaya, 128 sau uku, ɗaya a kan fari, ɗaya a kan baƙi. Suka kira na farko baƙi-baƙi, na biyu fari-fari. Lambar ɗaya ce, amma ninkin ya kama abin da ido ya gani. Haka amsa-kama take aiki: ja wur, baƙi ƙirin, kore shar. Kowace tana nuna cikar launi, abin da mai rubuta umarni yake nema idan ya tura lamba zuwa ƙarshenta.

Damuwata ita ce, yaranmu da ke koyon wannan fasaha da Faransanci ko Ingilishi suke ambaton launuka. Kalmar da ba ta shiga sabon aiki ba, sannu a hankali takan koma ta tsofaffi, kamar yadda algashi da tsanwa suka fara ƙaranci a bakin matasa. Saboda haka ga aikin da nake ba mai nazarin Hausa: ka zana jerin da'irori ashirin, ka riƙa rage haskensu daga shuɗi har zuwa baƙi, ka nuna wa marini, da tela, da kakarka. Ka rubuta sunan da kowannensu ya ba kowace da'ira, da wurin da ya ce launi ya sauya. Inda suka saɓa wa juna, ka tambaye su dalili, ka rubuta amsar da kalmominsu.