Kaza da 'Ya'yanta a Sararin Makarfi

Duk wanda ya taso daga Hunkuyi, hedikwatar Kudan, ya ratsa Makarfi zuwa Ikara da hunturu, rake ne zai fara cika masa ido. Gonaki hagu da dama, motoci maƙare, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila. Amma mu ɗaliban fiziks da muka zo daga Zariya a hutun Disamba, duhu muka zo nema. Fitilun birni sun dusashe taurari, a ƙauyukan nan kuwa, in hazo ya lafa, sama fes take.

Bayan isha'i, a bayan garin Makarfi, wani dattijo ya riga mu nuna su: Kaza da 'ya'yanta, waɗanda malamai ke kira Surayya. Ido na ƙirga shida ko bakwai, alhali sun haura dubu. Haskensu kan yi tafiyar shekara wajen 440 kafin ya iso mu.

To, yaya ake sanin shekarunsu? Raken gona ɗaya tare aka dasa shi. Haka taurarin dunƙule ɗaya, tare aka haife su daga curin iskar gas da ƙura guda. Manyan cikinsu masu launin shuɗi su suka fi zafi, su ke fara ƙonewa. Don haka dunƙulen da ke da shuɗɗan taurari yaro ne, wanda kuwa ja da rawaya kaɗai suka rage masa ya tsufa. Kaza shuɗiya ce, shekarunta kimanin miliyan 100. Rana ta kai biliyan 4.6, ka ga Kaza jaririya ce ke nan.

Sanin abin da ke cikin tauraro kuma, masana kan tsaga haskensa kamar bakan gizo. Kowane sinadari yana barin baƙaƙen layuka nasa na daban. Tsofaffin dunƙule ƙarfensu kaɗan ne, domin an haife su tun sinadarai masu nauyi ba su yawaita ba.

A Ikara, washegari da dare, mun hango wani ɗan fari-fari ta arewa maso yamma. Andiromeda ke nan, maƙwabciyar duniyar taurari da ke nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. Tana da ɗaruruwan tsofaffin dunƙule, da yawansu sun haura shekara biliyan 10. Da wannan dabara ta launi ake auna su, ta madubin Hubble da aka harba a 1990.

Ƙannenmu na Ikara, Makarfi da Kudan, kuna da abin da ɗan birni ya rasa. Ku tambayi kakanni sunayen taurari, ku rubuta tun suna raye. Ku kuma riƙe lissafi da fiziks gam, don su ne tsanin da zai kai ku ga sauran.