Minneapolis: Garin Da Jifa Ya Ci Kofi

Duk wanda ya taɓa kwana a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a tsakiyar hunturu zai ce ya san sanyi. To, na birnin Minneapolis da ke jihar Minnesota a arewacin Amurka ya wuce nan, domin a can tafkuna kan daskare har mutane su yi tafiya a kansu. Birnin yana bakin kogin Mississippi, daf da maƙwabcinsa St. Paul. A 1982 aka buɗe masa filin wasa mai rufi da ake kira Metrodome. Rufin nasa wani farin ƙyalle ne mai kauri da iska ke riƙe da shi kamar balan-balan.

Baƙon da ya je yau ba zai ga filin ba. An rushe shi a 2014, an gina sabo a gurbinsa. Amma dattawan garin ba su manta da daren 27 ga Oktoba, 1991 ba, daren wasan ƙarshe na cin kofin besbol tsakanin ƙungiyarsu Minnesota Twins da Atlanta Braves. Kowacce ta riga ta ci wasa uku, wannan na bakwai ne zai raba gardama.

Ga yadda ake besbol a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, ya wurga ƙwallo mai girman lemo zuwa ga abokin hamayya da ke riƙe da kulki, tazararsu mita 18 da 'yan kai. In mai kulki ya doke ta, sai ya ruga yana bin tashoshi uku, in ya dawo inda ya tashi an ci maki ɗaya. Kowace ƙungiya na riƙe da kulki har a fitar mata da mutum uku. In duka biyun sun yi, zagaye ɗaya ke nan, kuma tara ake yi.

Ɗaliban Bebeji da Kiru da Tudun Wada da suka taɓa korar tsuntsu da majajjawa a gonar shinkafa sun san ƙarfin hannu ba ya wadatarwa, sai da saiti. Jack Morris, mai jifan Twins, ɗan St. Paul ne mai shekara 36. Yakan saƙale ƙwallo tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, ta taho kamar a miƙe, sai ta nutse ƙasa daf da kulki. Na Braves kuwa, John Smoltz, shekararsa 24, kuma tun yana yaro a Michigan Morris ne gwaninsa.

Mutum sama da 55,000 suna ihu ƙarƙashin rufin nan, amma zagaye bakwai suka wuce babu ko maki ɗaya. A na takwas Braves suka kusa ci. Lonnie Smith ya ɗan yi turus a tasha ta biyu, bai ga inda ƙwallon ta nufa ba, don haka a ta uku ya tsaya maimakon ya ƙarasa gida. Morris ya daure har aka fitar da mutum uku, Smith bai ci maki ba. A ganina nan ne kofin ya kuɓuce wa Atlanta.

Zagaye tara suka cika babu ci. Kociyansa Tom Kelly ya so ya hutar da shi, Morris ya ce atabau. Ya koma tudu a zagaye na goma, ya sake hana su komai. Jifa 126 ya yi a daren. Sannan Gene Larkin ya ɗaga ƙwallo ta tsallake kan masu tsaron baya, Dan Gladden ya shigo gida, aka tashi 1-0.

Kakar wasa ɗaya tak Morris ya yi wa Twins, daga nan ya koma Toronto ta ƙasar Kanada. Su kuma Twins tun 2010 suka koma Target Field, fili marar rufi a ɗaya gefen birnin, kuma tun wancan dare ba su sake ɗaukar kofin ba.