Ranar Hutun Matuƙin Jirgin Sama

Manomi ya san ranar kasuwa, ma'aikacin ofis ya san Lahadi, amma matuƙin jirgin sama bai san ranar hutunsa ba sai kamfani ya rubuta masa a takarda. Takardan nan ita ce jadawalin aiki, watau tsarin da ke nuna ranar da zai tashi, da inda zai kwana, da ranar da zai koma wurin iyalinsa. A kanta aka yi babbar rigima a arewacin Turai.

Ran 26 ga Afrilu, 2019, matuƙan kamfanin SAS na ƙasashen Suwidin da Norwe da Denmak, mutum wajen 1,400, suka shiga yajin aiki. Sun nemi ƙarin albashi, gaskiya ne, amma akwai kukan da ya fi wannan ciwo. Suka ce ana sauya musu ranakun aiki ba zato ba tsammani, har mutum ya yi ta aiki Asabar da Lahadi mako bayan mako. Wanda bai san ranar da zai kwana gida ba, ina zai ɗauki alkawarin biki ko ziyara?

Kamfani kuwa ya ce kasuwa ta yi tsanani, ga kamfanoni masu araha suna janye masa fasinja, in ya biya duk abin da aka nema zai durƙushe. Wannan ma magana ce mai kama hankali.

Aka yi mako guda jirage na kwance. Aka soke tashi fiye da 4,000, mutane fiye da 300,000 suka rasa tafiya. Ran 2 ga Mayu aka shirya, aka ƙulla yarjejeniya ta shekara uku, aka ƙara albashi, aka kuma yarda a gyara jadawali yadda matuƙi zai san ranakunsa tun da wuri.

To, wani zai ce ai mutanen nan albashinsu ya fi na yawancin ma'aikata, me ya kai su ƙorafi? Sai a tuna kuɗi ba ya sayen barcin da ya wuce. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Direban mota in ya ji gyangyaɗi ya ratse gefen hanya ya kishingiɗa, amma wanda ke cikin gajimare da rai ɗari biyu a bayansa ba shi da gefen hanya. Shi ya sa dokar Turai ta hana matuƙi tuƙi fiye da awa 100 cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara.

Doka dai awoyi take ƙirgawa, ba ta ƙirga ranar sunan ɗa ko jinyar uwa. Wannan sai mai aiki da mai ba da aiki sun zauna sun daidaita. Da an yi zaman nan tun da fari, da matafiya ba su kwana a filin jirgi ba. Rigakafi ya fi magani.